Guguwar teku ba ta zuwa Nijar, to me ke cinye mana gidaje duk damina?

Malam Idi, Tawa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu yi wata magana tun hadari bai fara haɗuwa ba. A watan Maris na 2019 guguwar Idai ta faɗa wa birnin Beira na Mozambik cikin dare. Mutum fiye da 600 suka rasu a ƙasar kaɗai, in an haɗa da Zimbabwe da Malawi sun wuce 1,000. A 2023 sai ga Freddy, wadda ta taso daga wajen Ostareliya, ta ratsa tekun Indiya kaf, ta yi kwana 36 tana yawo, ba a taɓa rubuta mai tsawon kwananta ba. Sau biyu ta shiga Mozambik, amma rasuwar da aka yi can ta tsaya kusan 200. A Malawi kuwa, ƙasar da ba ta da bakin teku kamar mu, an rasa sama da mutum 1,000 tsakanin waɗanda aka binne da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Kafin ta kai Malawi iskarta ta riga ta yi sanyi. Ruwan sama ne ya kwana yana zuba, laka da duwatsu suka gangaro daga tsaunin Soche suka rufe unguwannin talakawa na Blantyre da ke gindinsa.

Mu kuma a daminar 2024 mun rasa kusan mutum 400, ambaliya ta shafi wajen miliyan ɗaya da rabi, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Guguwa ba ta zo mana ba, amma ɓarnarta irin ɗaya muka gani. Tambayata: tsakanin wannan ambaliya da mai zuwa, me ake yi? Shinkafa da bargo an raba, Allah ya saka. Bayan nan fa?

Bashir, Yamai:
Malam, a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Rabin laifin namu ne. A 2012 ruwa ya ci unguwannin bakin kogi, an ba mutane wuri a kan tudu, wasu suka sayar da fulotin suka koma inda suka fito. 2020 ruwa ya dawo ya same su nan. Wanda ya gina ɗaki a hanyar ruwa ya san abin da yake jira.

Hajiya Rabi, unguwar Harobanda, Yamai:
Bashir ɗana, Allah ya sa kada ka taɓa kwana a aji da 'ya'yanka. Ni na kwana. Daren da dig ɗin, wato bangon da ke tare ruwan kogi, ya fashe a Satumba 2020 abin da na iya ɗauka shi ne jikata da buhun takardu. Daga baya aka kwashe mu zuwa wani fili nesa da gari. Ban raina ba, an yi ƙoƙari. Amma sana'ata ganye ce, salati da kabeji da yakuwa, gonar tana bakin kogi, mai saye yana kasuwa cikin gari. Daga inda aka sauke mu kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya cinye ribar yini. Ruwan sha sai tanka ta zo. Makarantar yara ta rumfa ce. Mijina masunci ne, kan tudu me zai kama? Ba taurin kai ya maido mu ba, yunwa ce. Wanda ya sayar da fuloti ka tambaye shi abin da ya yi da kuɗin, mafi yawa hatsi suka saya da magani.

Bashir:
Inna, ban yi nufin ɓata miki rai ba, Allah ya huci zuciyarki. Amma in ruwa ya sake zuwa fa? Rai ya fi salati.

Hajiya Rabi:
Rai ya fi, shi ya sa na fita da jikata na bar akwatina. Abin da nake roƙo a gane: in za a tayar da mutum, a tayar da shi da abin da zai ci. Wuri kusa da sana'arsa, da famfo, da takardar fuloti a hannunsa mai sunansa. In babu waɗannan, ko sau goma aka kwashe mu za mu dawo.

Injiniya Sani, Yamai:
Maganar Hajiya ita ce ƙashin bayan abin, kuma ba a Nijar kaɗai ba. Bari in ƙara abin da ya shafi kogin kansa, don mutane da yawa suna ɗauka ruwan Gine ne ke cin Yamai.

Kogin Isa yana cika sau biyu a shekara a nan. Akwai cikar sanyi, wajen Disamba zuwa Janairu, ita ce ruwan da ya sauka a tsaunukan Gine, ya bazu a fadamun Mali wata da watanni kafin ya iso mana. Wannan yana zuwa a hankali, ana ganin tahowarsa tun da nisa. Sai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ke fitowa daga Goruwal da Dargol da Sirba, rassan da ke gangarowa daga ɓangaren Burkina. A da cikar sanyi ce babba. Yanzu jan ruwa ya fi ta tsawo, kuma cikin 'yan kwanaki yake hawa. A ma'aunin Yamai, santimita 620 ita ce jan gargaɗi. A Satumba 2020 ruwa ya kai 700. Dig ɗin da ke kare Lamorde da maƙwabtanta ba a yi shi don irin wannan ba, gonakin shinkafar Saga da Kirkisoye duk suka nutse.

Dalilin jan nan kuwa ƙasa ce. An sare itace, an nome daji, ƙasa ta zama fako. Ruwan da a da yake nutsewa yanzu gudu yake yi, yana kwasar rairayi yana zubawa cikin kogi. Cikin kogi na cikewa da yashi, ruwa na neman wurin zama a gidajen mutane. Ga shi kuma ruwan sama yanzu yakan sauko da yawa a lokaci guda.

Laminu Direba:
Injiniya, ba an ce in an gama madatsar Kandaji shi ke nan ba?

Injiniya Sani:
Kandaji za ta yi amfani wajen lantarki da noman rani da riƙe ruwa lokacin da kogi ke ƙafewa. Amma tana sama da Tilaberi, Dargol da Sirba kuwa a ƙasanta suke shiga kogi. Jan ruwan da suke kawowa ba zai bi ta ƙofarta ba balle ta tare shi. Kada kowa ya kwanta da wannan.

Baba Alhaji Mamman, Keita:
Salamu alaikum ɗiyana. Jikana ke rubuta mani. Abin da Injiniya ya hwaɗi na fako, mu mun gan shi da ido, kuma mun ga maganinai. Lokacin yunwar 1984 anka kawo aikin Keita da taimakon Italiya. Duwatsun Adar duk sun zama tsirara lokacin, ruwa na sauka ya kwashe gona ya bar kwazazzabo. Munka jera duwatsu bisa gangare, munka gina ramu, anka dasa itace miliyoyi, anka yi ƙananan madatsu cikin ƙoramu. Mata sunka fi yawa wurin aikin ga, su ka ɗaukar dutsi bisa kai, ana biyansu da abinci. Wajen Illela da Badagishiri kuma mutane sunka kama tassa da rabin wata, wato ramun da ka riƙe ruwa cikin gona, har fakon da babu mai so ya koma ana sayenai da kuɗi. Rijiyoyin da sunka ƙafe sunka kawo ruwa.

Abin da ka damuna yanzu, ayyukan nan sun tsufa. Madatsa ta cike da laka, dutsi ya zame, ba mai gyara. Samarin da za su yi duk suna Abijan ko Libiya. In madatsa ta fashe da dare, garin da ke ƙasanta ba ya da labari.

Nuhu, ɗan ci-rani:
Baba ya taɓo inda ke mini ciwo. Ina aikin gini a Bangazi lokacin da guguwar Daniyel ta sauka a Satumba 2023. Madatsu biyu ne a saman birnin Darna na Libiya, tun shekarun 1970 aka gina su, an daɗe ba a gyara ba, masana sun yi gargaɗi tun kafin abin ya faru. Cikin dare suka fashe ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya ɗebi unguwanni da benayensu ya zuba a teku. Gawar da aka ƙirga ta wuce 4,000, dubbai kuma har yau ba a gan su ba. Cikinsu akwai baƙi 'yan ci-rani da ba wanda ya san sunansu balle a gaya wa iyayensu. Libiya ba ta rasa kuɗi ba, gidajen kuma na siminti ne masu hawa. Tun daga ranar, in na ga tsaga a jikin madatsar garinmu gabana faɗuwa yake.

Malam Idi:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wani abu da nakan gaya wa ɗalibai: hadarin nan da ke taso mana daga gabas da jan ƙura a gaba, in ya wuce mu ya bi ta Mali da Senegal ya faɗa tekun Atlantika, wani lokaci shi ne ke girma ya zama guguwar da ke rushe tsibiran Karibiyan da gaɓar Amurka. Da yawa daga manyan guguwoyin can daga sararin Sahel suke samo asali. To ba baƙin juna ba ne mu da su.

Amma mu koma kan Mozambik. Abin da ya canza tsakanin Idai da Freddy, gargaɗi ne ya riƙa isa ƙauye tun da sauran kwanaki, ta rediyon gari da saƙon salula da mutane masu lasifika, kuma an riga an nuna wa kowa inda zai gudu.

Laminu Direba:
Malam, a nan ne nake da magana, don ni hanya ce gidana. Ba wanda ya manta abin da ya faru a hanyar Tawa zuwa Barmu a Agusta 2024, ƙorama ta tafi da motoci, mutum fiye da 50 a tashi ɗaya, galibi 'yan kasuwa. A wannan watan kuma ruwa ya yanke babbar hanya a Sorey, Yamai ta zama ba shiga ba fita ta wajen Doso, manyan motoci suka yi layi, kaya suka yi tsada.

Ku da ba ku tuƙi ba ku san yadda ake shiga ƙorama ba. Kana tsaye a baki, ruwa na gudu, fasinja na bayanka suna cewa direba kai matsoraci ne, wane ya wuce ɗazu, kasuwa za ta watse, tumatir zai ruɓe. Mai mota na kira yana tambayar kuɗin yini. Nan inda kake ko ɗigo ba a yi ba, rana tsaka, ruwan daga tudun da ba ka gani yake zuwa, kuma kafin ka kai tsakiya ya ƙaru. Ruwan da ya kai gwiwa in yana gudu ya isa ya ɗaga ƙaramar mota. Ni yanzu na yanke, in ban ga kan duwatsun gefen hanya ba ba na shiga, a zage ni. Abin da nake so a yi: a kafa sanda mai fenti a kowace mashiga, ja da fari, kowa ya ga inda ruwa ya kai. In ya taɓa ja, tasha ta hana lodi, wanda ya karya a karɓe masa takardu. Sanda da fenti nawa suke?

Bashir:
Wannan kam ko 'yan tasha da kansu za su iya. Ba sai an jira kowa ba.

Zainabu, ma'aikaciyar jinya, Yamai:
Yaya Laminu ya yi gaskiya. Ni kuma nawa ɓangaren yana farawa ne ranar da ruwa ya janye, lokacin da masu ɗaukar hoto suka tafi. Masai ya cika ya haɗu da rijiya. Kududdufi ko'ina, bayan mako biyu zuwa uku sauro ya ƙyanƙyashe, yara su fara zuwa da zazzaɓi da suma, ga gidan sauron ya tafi da ruwa. Mai ciwon suga da mai hawan jini maganinsu ya jiƙe. Mai ciki ta haihu a aji cikin mutane. Waɗannan mace-macen ba a saka su a lissafin ambaliya.

A Beira bayan Idai kwalara ta ɓarke, amma cikin 'yan makonni aka yi wa mutum fiye da 800,000 rigakafin ɗigo a baki, aka tayar da famfunan birnin, cutar ta lafa. A Malawi kuwa Freddy ta tarar da su cikin annobar kwalara mafi muni a tarihinsu. Don haka roƙona ga mata musamman: ƙwayar tsabtace ruwa, da gishirin zawo, da sabulu, da gidan sauro, a ƙulle su a leda ɗaya da takardun haihuwa da katin asibiti, a rataye sama tun watan Yuni. Rijiyar da ambaliya ta shiga kada a sha sai an kwashe an sa mata magani.

Abu na ƙarshe, makarantu. A 2024 sai da aka ɗage komawa aji zuwa 28 ga Oktoba, don azuzuwa cike suke da waɗanda ruwa ya kora, wasu kuma sun rushe. Yaran da ruwa bai taɓa gidansu ba su ma sun yi asara.

Injiniya Sani:
A kan makarantu, a duba Bangaladash. A 1970 guguwa ɗaya ta kashe musu aƙalla mutum 300,000, a 1991 wajen 138,000. Da Sidr ta zo a 2007 da ƙarfinta, rasuwar ba ta kai 5,000 ba. Sun gina dubban mafaka a kan ginshiƙai, ranar lafiya makaranta ce, ranar guguwa mafaka, an yi ta da wurin ruwa da ban-ɗaki don taron mutane. Ga dubban 'yan sa-kai, maza da mata, kowa da unguwar da zai zagaya da lasifika. Mu ma tunda mun san aji za a gudu, a gina wasu makarantun da wannan niyya tun farko, a kan tudu, da masai isasshe da ɓangaren mata.

Masana ba mu rasa ba. Cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD a Yamai suke, hedkwatar hukumar kogin Isa ma nan take. Ana auna Sirba, ana sanin ruwa na tafe. Inda abin ke tsinkewa shi ne tsakanin takardar sanarwa da Faransanci da kunnen Hajiya Rabi.

Hajiya Rabi:
Wallahi kuwa. Mu a daren nan ihun maƙwabta ne sanarwarmu.

Bashir:
To amma duk wannan kuɗi ne. Ƙasashen da suka ɓata yanayin duniya da hayaƙinsu ai su ya kamata su biya. Mu me muka ƙona?

Malam Idi:
Haƙƙi ne, a ci gaba da nema, an ma kafa asusun asara da ɓarna a taron yanayi na duniya. Sai dai ka riƙe wannan: bayan Idai da guguwar Kenneth, wadda ta biyo ta da mako shida, an yi taron masu ba da taimako a Beira. Lissafi ya nuna ana bukatar dala biliyan 3.2 don sake gini, alƙawarin da aka samu biliyan 1.2 ne, kuma alƙawari daban, kuɗi a hannu daban. Shekaru bayan haka akwai iyalai da ke cikin tanti. Damina ba ta jiran a sa hannu a takarda.

Gwani Habu Magini, Tawa:
Na daɗe ina karantawa, bari magini ya sa baki. A cikin garin Tawa da ƙauyuka, yawancin waɗanda suka mutu a ɗaki ba kogi ne ya zo musu ba, bango ne ya faɗo musu suna barci. Kuma ginin ƙasa ba shi da laifi, kakanninmu sun zauna cikinsa. Ta wuri biyu yake mutuwa: gindi da kai.

Gindi: ruwa ya kwanta a tsakar gida ko a lungu kwana biyu, tubalin ƙasa ya sha, ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi. Maganinsa harsashi na dutse, a ɗaga shi ya kai gwiwa sama da ƙasa kafin a ɗora tubali. A Adar dutse kyauta Allah ya zuba mana. Wanda ya samu hali ya sa layi uku ko huɗu na bulon siminti. A cika ɗaki da ƙasa ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida ta fi titi, a buɗe rariya.

Kai: kowace shekara ana ƙara wa soro ƙasa ba a rage tsohuwa, azara ta gaji, gara ta ci ta, indararo ya toshe. Ruwa ya taru sama, nauyi ya ninka. Kafin damina a hau a duba, a sauya azarar da ta lanƙwasa, a sa indararo mai tsawo da zai zubar nesa da bango, a sake yaɓe ta gabas inda ruwa ke duka.

Abin da ke ba ni baƙin ciki, bayan ambaliya mutum na cikin gaggawa, sai ya kwaɓa ƙasar tsohon bangon ya mayar a wurin da yake, yadda yake. In masu taimako za su ji tawa, a cikin abin da ake bayarwa a sa buhunan siminti na harsashi da ladan magini, a rumbu ma haka, don wanda rumbunsa ya faɗi ya rasa abincin shekara da irin shuka gaba ɗaya. Kuma in bango ya tsage ko ya fara zufa daga ƙasa, a fitar da yara a kwana a rumfa, ko ana ruwa.

Baba Alhaji Mamman:
Gwani, Allah shi yi ma albarka. Ran Juma'a bayan salla zan kai maganar madatsarmu gaban mai gari, a sa rana a fita gayya a kwashe laka tun ƙasa na bushe. Nuhu, ku na waje ku haɗo kuɗin wayar ɗaure dutse da siminti.

Nuhu:
An gama, Baba. Zan gaya wa 'yan garinmu da ke nan a daren yau.

Hajiya Rabi:
Injiniya, tunda kai kana ganin ma'aunin kogi, me zai hana daga farkon Agusta ka riƙa turo mana da murya kowace safiya? Ba rubutu ba, yawancinmu ba mu karatu. Ka ce yau ruwa ya kai kaza, saura kaza ya taɓa ja, yana hawa ko yana sauka.

Injiniya Sani:
Zan yi, Hajiya, in sha Allah. Adadin da hukuma ta fitar kawai zan faɗa, ba zan ƙara nawa ba, don kada a samu magana biyu. In ya wuce santimita 580 zan turo safe da yamma.

Hajiya Rabi:
Madalla. Maƙwabtana galibi Zabarmawa ne da Fulani, a samu wanda zai juya musu.

Zainabu:
Zabarmanci ku bar mini. Fulatanci zan tambayi abokiyar aikina gobe, in ta yarda zan sa ta cikin zauren.